Gashin Amarya Bayan Wuta: Yadda Zafi Ya Kashe Nannaɗen Gashin Wata Mata a Kano, da Abin da Ya Dawo da Shi

Kafin biki

Matar da wannan nazari ya shafa malamar firamare ce, shekarunta 26 lokacin da abin ya fara. A Gwammaja ta tashi, aure ya kai ta Hotoro. Gashinta irin na galibin matanmu ne: baƙi, mai cika, mai ƙananan nannaɗe, wanda da ruwa ya taɓa shi sai ya tattare ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa. Rabonta da rilaksa tun tana sakandare, don haka duk abin da ke kanta a ƙarshen 2023 gashi ne da sinadari bai taɓa ba.

Ba ta kashe masa wani kuɗi. Duk mako biyu za ta tsefe, ta wanke, ta shafa man kaɗanya, ta tafi wajen wata dattijuwa a bayan layinsu a yi mata shuku ko zane. A Nuwamba 2023, ana tsakiyar shirin biki, ƙanwarta mai ɗinki ta ɗauko tef ta auna cikin wasa: santimita 32 daga tsakar kai idan an ja sili ya miƙe. Duk awon da za a ambata a gaba da wannan tef ɗin aka yi shi, kuma a wuri ɗaya.

Disamba 2023: makon biki

Bayan an gama dilka da halawa, ƙawaye suka kai ta wani salun a wajen Zoo Road. Aka wanke kan, aka busar da handiraya mai mataji a baki, sannan aka bi shi da sitirecha, ƙarfen lantarki mai miƙar da gashi da zafi. An murɗa na'urar zuwa ƙarshenta, digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, saboda a cewar mai salun gashin "mai taurin kai ne". Kowane ɗan yanki sai an bi shi sau uku ko huɗu. Ba a shafa man kariyar zafi ba, man zaitun aka shafa. Da hayaƙi ya tashi amarya ta zabura, aka ce mata: "Amarya, kwantar da hankalinki, tururin mai ne."

Bikin ya ɗauki kwana biyar, da kamu da dina da wuni da buɗar kai. Ɗaurin ɗankwali da hasken masu hoto da cunkoson jama'a suna sa gumi ko da sanyi ake, gumin kuma yana tayar da gindin gashi, don haka kafin kowane taro sai an sake bin goshi da tsakar kai. Ranar dina aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, sai aka koma mataji na ƙarfe da ake ɗorawa a kan gas. Shi wannan ba shi da lamba, ba shi da ma'auni. Ana gwada shi a jikin tsumma, in bai ƙona tsumman ba a ce ya yi daidai. A ranar ne ta ji ƙaurin gashi sosai, har ya bi ta cikin mota.

Hotunan sun yi kyau. Gashin ya kwanta har kafaɗa yana sheƙi, dangin ango suna ta tambaya ko ƙari ne.

Janairu zuwa Afrilu 2024: gidan miji

Wannan ne lokacin da ya fi tsawo, kuma ba a salun aka yi shi ba. Cikin kyautar da ƙawaye suka haɗa mata akwai sitirecha. Maigidan ya yaba gashin a miƙe, ita ma ta ji daɗin yadda yake tajuwa cikin minti biyu, sai ta daina kitso.

Matar aure tana jiƙa kanta fiye da budurwa, saboda wankan tsarki. Duk sanda ruwa ya ratsa gashin sai ya tattare, sai ta sake miƙar da shi, sau biyu zuwa uku a mako. Da asuba ake yawan yin wankan, ga sanyin hunturu, ga makaranta ƙarfe bakwai da rabi, ga wutar da ba a san lokacin ɗauke ta ba. Ba ta jiran kan ya bushe. Takan goge da tawul, ta shafa mai, ta kama sitirecha, kuma ta ce tana jin wani ɗan sauti, cuu, duk sanda ƙarfen ya kama gashin. Ta ɗauka alamar na'urar tana aiki ce.

Da azumi ya kama ranar 11 ga Maris abin ya ragu. Jajiberin ƙaramar Sallah, 9 ga Afrilu, ta koma salun aka yi mata irin na biki. Daga ranar ba ta sake sa wuta ba har tsawon wata goma sha tara.

Ƙarshen Afrilu 2024: alamun farko

Mako biyu bayan Sallah ta wanke kai da niyyar komawa kitso saboda zafin bazara. Ƙeya ta tattare kamar yadda ta saba. Goshi da tsakar kai suka ƙi: suka rataya a miƙe, sirara, wasu da ɗan lanƙwasa mara tsari. Ta sake wankewa washegari, ba abin da ya sauya.

Ta je Gwammaja wajen tsohuwar mai kitsonta. Dattijuwar ta tsaga, ta kama, ta saki.

"'Yar nan, me kika yi wa kan nan? Bakin ba ya riƙe kitso."

"Wallahi Inna, miƙarwa ce kawai."

Sauran alamun sun fito a makonnin da suka biyo. Guntayen gashi masu tsawon santimita ɗaya zuwa uku a kan matashi, a cikin hula, a tayil ɗin banɗaki. Bakin sili ya tsage biyu, wani uku. Idan aka ɗaga sili ga haske ana ganin ɗige-ɗige farare a jikinsa, kuma a daidai ɗigon yake tsinkewa. Gashin yana shan ruwa nan take, ya bushe nan take, da an shafa mai kuma bayan awa biyu ya koma kaushi.

Abin da ke faruwa a cikin sili

Silin gashi an gina shi ne da furotin mai suna keratin. A waje akwai ɓawo mai hawa-hawa da ke tsare danshi, a ciki kuma akwai tsokar da ke ba gashin ƙarfi da siffa. Ɗauri iri biyu ne suka fi riƙe wannan siffa. Akwai mai rauni, wanda ruwa ko matsakaicin zafi ke kwancewa, ya sake ɗaurewa da kansa. Shi ya sa gashin da aka miƙar a hankali yake komawa nannaɗensa da an wanke. Akwai kuma mai ƙarfi, na sinadarin farar wuta, wanda rilaksa ke tsinkawa da gangan. Ƙaurin nan na ƙonannen gashi daga farar wutar yake fitowa.

Idan zafi ya yi yawa, keratin ɗin kansa ne ke sauya kama. A busasshen gashi wannan na faruwa a wajen digiri 230, wato daidai ƙarshen lambar yawancin sitirecha. Idan akwai ruwa a jikin gashin, abin na faruwa ƙasa da haka sosai. Ruwan da ke cikin sili kuma yana tafasa, tururin ya rasa mafita, ya huda ramuka a ciki ya fasa ɓawon. Sautin da take ji da asuba ke nan. Gashi mai ƙananan nannaɗe ya fi shan wahala, domin kowace murɗa a jikin sili wuri ne mai rauni, kuma maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarawa har baki kamar yadda yake yi a miƙaƙƙen gashi. A hunturun Kano kuwa danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana.

Duk wanda mai guga ya taɓa ƙona wa shadda ya san sauran bayanin: sitaci zai iya ɓoye wurin na yini guda, amma zaren da ya ƙone ya ƙone. Gashin da ya riga ya fito daga fata ba shi da jini, ba shi da rai, ba ya warkar da kansa.

Mayu zuwa Yuli 2024: abubuwan da aka gwada

Ta fara da mai. Ta sayi haɗi kala uku daga masu talla a WhatsApp da Instagram, masu hulba da kanumfari da habbatus sauda, kowanne da alƙawarin "dawo da gashi cikin mako biyu". Ta ƙara da garin chebe na Chadi da aka kwaɓa da mai. Matan da suka gaji chebe a jikin gashi suke shafa shi, ba sa kai shi fatar kai. Ita ta cusa har gindi, a cikin zafin Mayu, ƙarƙashin hula da hijabi tun safe har la'asar. Cikin mako uku kan ya fara ƙaiƙayi, amosani ya taso, ƙananan ƙuraje suka fito a ƙeya. Gashin ya yi santsi a hannu, guntayen da ke zuba ba su ragu ba.

Sai ta koma ƙwai da mayonis, saboda an ce furotin gashin ke nema. Furotin ɗin ƙwai ya yi girman da ba zai shiga cikin sili ba, wankewa ɗaya yake fita, sai ƙarni. Daga nan ta sayo man furotin na kanti a kasuwar Sabon Gari, wanda aka farfasa furotin ɗinsa ya zama ƙanana. Wannan yana manne wa wuraren da suka fashe, kuma karo na farko ta ji gashin ya yi ƙarfi. Jin haka ta mayar da shi na kowane mako, ba tare da bin sa da kwandishana mai laushi ba. A karo na huɗu gashin ya sandare, yana tsinkewa ko da yatsa aka taɓa.

Lalle ma an gwada, sau ɗaya, bisa shawarar wata maƙwabciya. Ya lulluɓe silin ya ƙara masa kauri, ya bar ja-ja a bakin, ya ƙara bushewa.

A salun aka ba ta shawarar ta sa rilaksa a kan gaba ɗaya "don ya daidaita", tunda rabi a miƙe yake rabi a tattare. Ta kira mahaifiyarta. Amsar gajera ce: "Ba da yawuna ba." Ba ta sa ba.

Abin da ta yi kafin babbar Sallah, 16 ga Yuni, shi ne ƙananan kalaba da ƙarin gashi har gadon baya, don ta ɓoye kan ta huta da kallonsa. An ja sosai, ta kwana biyu tana shan farasitamol. Ta bar shi mako bakwai. Ranar tsifa gashin ya cika leda, kuma gefen goshi biyu sun yi baya, na hagu ya fi, wuri mai faɗin kusan santimita biyu ba komai sai fata.

Agusta 2024: wajen likitan fata

Goshin ne ya tsorata ta har ta karɓi kati a wani asibitin gwamnati. Likitar ta duba fatar kai da gilashin ƙara girma, ta sa a yi gwajin jini don duba ƙarancin jini da aikin ƙwayar maƙoshi da ake kira thyroid. Duka suka fito lafiya. Ta nemi ta ga gashin da ke zuba, ta baje shi a kan farar takarda, ta nuna mata bambancin: silin da ya zube daga tushe dogo ne, da ɗan farin kai a gindinsa, wanda ya karye kuwa guntu ne ba shi da kai. Kusan duk na takardar guntaye ne.

Matsala biyu ke nan daban-daban. Karyewar daga zafi take, goshin kuma daga jan kitso. Likitar ta duba tsakar kai da kyau saboda wata cuta da ke cin gashin mata baƙaƙe daga tsakiya tana bazuwa, tana barin tabon da gashi ba ya sake tsirowa. A 1968 likitoci a Amurka sun danganta ta da mataji mai zafi har suka sa mata sunansa, daga baya aka ga tana kama har waɗanda ba su taɓa amfani da shi ba. Ba a ga alamarta a kan wannan mata ba. Ramukan gashin goshin ma suna nan a buɗe.

"Malama, wanda ya miƙe ɗin nan ba zai dawo ba," in ji likitar. "Aikinmu shi ne kada ya ja sabon ya tafi da shi."

Ta rubuta mata shamfu na maganin amosani, ta hana ƙarin gashi da duk kitson da ke sa ciwo. Awon wannan watan: santimita 21 gaba ɗaya, daga 32. Huɗu na gindi sabon tsiro ne mai nannaɗe, 17 na sama wanda wuta ta ci. Gashin ɗan'adam yana tsirowa kusan santimita ɗaya a wata, nata bai saɓa ba.

Satumba 2024 zuwa Fabrairu 2025: sabon tsari

Ta ƙi aski a lokacin. Ta zaɓi a riƙa datsewa kaɗan-kaɗan, santimita biyu da rabi duk wata biyu, da almakashin da ba a yanka komai da shi sai gashi. An datse a Satumba, da Nuwamba, da Janairu.

Wanki ya koma duk kwana bakwai zuwa goma. Daren da za ta wanke takan shafa man kwakwa a jikin gashin. Wani bincike da aka buga a 2003 ya nuna man kwakwa yana ratsa sili ya rage furotin ɗin da ke fita wajen wanki, abin da man da ake samu daga fetur bai yi ba. Takan raba kan gida shida ta kitsa sako-sako, ta wanke fatar da shamfu ba tare da cuɗa gashin ba. Taza kuwa sai da ruwan karkashi: ta jiƙa busasshen ganyen da ta sayo a kasuwar Rimi cikin ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, ta zuba, ta warware da yatsu daga baki zuwa gindi, sannan mataji mai manyan haƙora. Bayan kwandishana, tun gashin da danshi, sai ɗan man kaɗanya a kai. A da mai take shafawa a busasshen gashi tana jiran ya yi laushi. Mai ba ya kawo danshi, wanda ya tarar yake tsarewa. Man furotin ya koma sau ɗaya a mako shida.

Kitso ya koma manya guda takwas zuwa goma, ba ƙari, ba ja, gefen goshi a bar shi. Ta sa ƙanwarta ta ɗinka mata huluna na satin, ɗaya ta barci, biyu na ƙarƙashin ɗankwali, saboda auduga tana tsotse maiƙo tana kuma goga bakin gashi.

Sai batun wanka, wanda shi ne ya jawo wutar tun farko. Ta tambayi malamarsu ta Islamiyya, aka karanta mata hadisin Ummu Salama da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka ba mace izinin barin kitsonta a wankan janaba, ta kwarara ruwa sau uku a kai. Malamar ta ƙara da cewa sharaɗin shi ne ruwa ya kai fata, don haka kitson kada ya yi tsananin da zai hana. Kan da ke kitse ba ya cukurkuɗewa idan ya jiƙe, saboda haka dalilin miƙarwa ya faɗi. Matsalar da ta rage ita ce rufe jiƙaƙƙen kitso da hijabi, wanda ya fara kawo wari a makonnin farko. Ta magance shi da matse kan da tsohuwar riga mai laushi maimakon tawul, da zama gaban fanka, in akwai wuta kuma handiraya a iska mai sanyi ko ɗumi-ɗumi, nesa da kai kamar santimita 15, hannu yana yawo.

An samu koma-baya a hunturu. Daga tsakiyar Disamba karyewa ta ƙaru a daidai mahaɗar sabon gashi da tsoho, wurin da nannaɗe ke haɗuwa da miƙaƙƙe, wanda ya fi ko'ina rauni. Ta ƙara fesa ruwa da kwandishana duk kwana biyu, abin ya lafa amma bai tsaya ba. A Janairu aka yi bikin wata ƙawarta, 'yan anko suka shirya tafiya salun tare. Ita ta je Gwammaja kwana biyu kafin bikin aka yi mata kitson zare, ranar aka warware, gashin ya miƙe daidai yadda za a iya tufke shi a baya. An ɗan yi mata tsiya, ɗankwali ya rufe sauran.

Maris 2025: almakashi

Kafin ƙaramar Sallah ta 30 ga Maris aka auna: sabon tsiro santimita 11, tsoho bakwai, ya zama siraran jela da ke sarƙewa duk wanki. Taza kan ɗauki fiye da awa guda, kuma kusan duk wahalar a waɗannan bakwai ɗin take. Ta jiƙa kan don mahaɗar ta fito fili, ƙanwarta ta bi yanki-yanki ta datse. Maigidan, da aka sanar da shi tun kafin a yanke, cewa ya yi ai dama kullum a kitse yake ganin kan.

Mako na gaba taza ta ɗauki minti ashirin. Guntayen da ke zuba a tayil suka kusa ɓacewa.

Nuwamba 2025: inda aka tsaya

Shekara biyu cif bayan awon farko, tef ya nuna santimita 19, duka mai nannaɗe, kuma bakin yana riƙe kitso. Gefen goshi na dama ya cike. Na hagu ya tsiro amma bai kai kaurin da ba, ana ganin fata idan aka ja gashin baya. Amosani bai dawo ba.

A watan ta sa wuta sau ɗaya, don bikin ƙanwar tata. Kan ya kwana a kitson zare ya bushe ƙarau, aka fesa man kariyar zafi, aka saita na'urar a 160, kowane yanki bi ɗaya, ba a sake taɓawa ba har aka gama biki. Bai kwanta kamar na 2023 ba. Da ta wanke bayan kwana huɗu ya tattare gaba ɗaya.

Hukunci

Ita da danginta salun ɗin biki suke ɗora wa laifi, kuma yana da nasa: digiri 230, bi huɗu, mataji daga kan gas. Amma a ganina wata ukun da suka biyo a Hotoro sun fi yin ɓarna. A salun gashin a bushe yake. A gida a jiƙe ake ƙona shi, sau biyu zuwa uku a mako, kuma wuraren da suka mutu, goshi da tsakar kai, su ne waɗanda hannunta ke kaiwa a gaban madubi. Ƙeyar da ba ta iya gani ta tsira, alhali ita ma an bi ta a salun.

Cikin duk abin da ta saya babu wanda ya dawo da nannaɗen sili ko ɗaya. Man furotin, da aka daidaita shi, da man kwakwa da karkashi sun yi aiki guda: sun riƙe tsohon gashin kada ya tsage ya haura, har sabon ya samu tsawon da za a kama. Wannan aiki ne na gaske, amma ba shi ne abin da masu talla ke sayarwa ba. Mataki mafi tsada a lamarin shi ne kalabar Yuni, domin zafi ya taɓa gashin da dama zai fita, ita kuwa ta taɓa tushe, kuma ita kaɗai ce ta bar alama har yau. Ƙin sa rilaksa ya hana asarar abin da ya rage. Abin da ya tsayar da matsalar daga tushenta kuwa ba a kanti aka same shi ba, a ajin Islamiyya ne, domin muddin tana wanka da sakakken gashi za ta koma wa sitirecha ko da wane mai ta mallaka.

Jinkirin aski daga Agusta zuwa Maris bai ƙara mata ko santimita ɗaya na lafiyayyen gashi ba, ya ma jawo karyewar hunturu. Amfaninsa shi ne ta samu abin da za a kitsa, wanda ga mai wanka da kitso ba ƙaramin abu ba ne. Idan tsiron ya ci gaba a yadda yake, ana ɗan datse baki lokaci-lokaci, ba za ta sake ganin 32 a tef ɗin ba sai cikin 2027.